Yarinyar da Aka Kawo daga Khujand

Tun daga bakin iyaka har suka shigo Tashkent yarinyar ba ta ce uffan ba. Ta takure a jikin ƙofar mota, hannayenta biyu sun damƙe wani tsohon ɗankwali ruwan ɗorawa. Dildora na zaune a gefenta. Ta miƙa mata tuffa, ta miƙa mata alewa, ta fito da 'yar tsanar da ta saya tun wata uku da suka wuce. Yarinyar ta kalli kowanne, ta mayar da ido kan taga.

"Ƙyale ta," in ji mijinta Behzod, yana leƙensu ta madubi. "Gajiya ce. Kuma ba ta jin abin da kike faɗa."

"Tsakanin uwa da 'ya ba a neman tafinta," Dildora ta ce.

Shekara goma sha biyu ta yi a gidan Behzod ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Wata tara kuma ta yi tana zarya tsakanin ofisoshin ƙasa biyu kafin alƙali ya sa hannu a ba su marainiyar nan, jikar wata 'yar uwar uwar mijinta, wadda iyayenta suka mutu rana ɗaya a hatsarin mota. Sunanta Farangis, shekararta uku da rabi, ban da Tajikanci ba ta jin komai.

Mastura, uwar Behzod, tana tsaye a ƙofar gida da sandarta. Haifaffiyar Samarkand ce, kuma shekara hamsin na zaman Tashkent ba su ƙwace mata Tajikancin gidansu ba, abokin yi kawai ta rasa. Ta sunkuya da ƙyar, ta leƙa cikin motar, ta faɗi wani abu a hankali. Ban da sunan yarinyar Dildora ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba.

Yarinyar ta ɗago kai da sauri. Ta tsallake cinyar Dildora, har takalminta ya bar shaida a kan sabuwar riga, ta faɗa jikin tsohuwar ta ɓarke da kukan da ta riƙe tun daga Khujand. Tana kuka tana zuba zance, tsohuwa na amsawa tana bubbuga bayanta.

"Me take cewa, Oyijon?" in ji Dildora. Haka take kiran uwar mijinta.

"Fitsari take ji tun daga iyaka, kelin. Tsoro ya hana ta faɗa," in ji tsohuwar. Kelin, wato matar ɗa, shi ne sunan da take kiran Dildora da shi.

Maƙwabtan da suka fito kallo suka yi dariya. Dildora ma ta yi. Ta kwashi jakunkuna ta bi su, su biyun a gaba hannu cikin hannu, ita a baya kamar wadda aka ɗauko dako.

Ɗakin da ta shirya ya sha fenti ruwan hoda, ga ƙaramin gado, ga labule mai hoton agwagi. Mako guda cur yarinyar ba ta kwana a ciki ba. Kullum da safe Dildora za ta tarar da gadon yadda ta gyara shi, ta leƙa ɗakin tsohuwa ta gan su a katifa ɗaya, yarinyar ta cusa hanci a ɗankwalin nan nata. Bibi, wato kaka, take kiran tsohuwar. Bibi ce ke yi mata wanka, Bibi ce ke gutsura mata gurasa a shayi. In Dildora ta ɗauko cokali sai yarinyar ta rufe baki gam, in Bibi ta karɓi cokalin nan dai, da abincin nan dai da Dildora ta dafa, sai ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Ita Dildora ba ta da suna a bakinta. In tana son wani abu a hannunta sai ta ja rigar Bibi ta nuna da yatsa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne dariyarsu. Tana wanke-wanke za ta jiyo su a kan gadon katakon tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi, suna ƙyalƙyala dariya a kan maganar da ita ba ta ji. Da ta fito da tire sai dariyar yarinyar ta ɗauke.

Ta kira yayarta Zebo, mai 'ya'ya huɗu, ta zayyana mata.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan," in ji Zebo. "Ke kika sha layi a rana, ke kika yi kuka gaban alƙali, tsohuwa na zaune a inuwa an kawo mata 'ya har gida. In kika yi sake, wallahi mai wanki za ki zama a gidanki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Fara da suna. Wa ya taɓa haihuwa wata ta raɗa masa suna?"

Washegari a wurin cin abinci Dildora ta ce daga yau sunan yarinya Sevinch.

Mastura ta ajiye finjalin shayinta. "Kelin, marainiyar nan ba abin da iyayenta suka bar mata sai sunan nan da ƙyallen da take riƙewa."

"Don ita nake yi, Oyijon. Gobe makaranta za ta shiga. So kike yara su riƙa yi mata dariya?"

"Farangis biyu na sani a unguwar nan, ban ji wanda dariya ta kashe ba."

Dukansu suka juya wajen Behzod. Ya ci gaba da yagar gurasa. "Suna ai suna ne," ya ce. "Ku bar ni in ci abinci, tun safe nake kan ƙafata."

A mako na uku aka yi walima. Aka dafa shinkafa da karas da naman rago a babbar tukunya, aka yanka kankana, matan unguwa suka cika tsakar gida. Dildora ta ɗinka musu kaya iri ɗaya ita da yarinyar, ta yi mata kitso ƙanana-ƙanana duk da yarinyar na fizge kai. Rabon da ta zauna cikin matan nan kanta a ɗage har ta manta. Shekara goma sha biyu tana kai gudummawar sunan 'ya'yan wasu.

Wata maƙwabciya ta durƙusa gaban yarinyar. "Sevinch, 'yar kyakkyawa, ina oyinki? Nuna mana uwarki."

Yarinyar ba ta ko waiga ba, don ba ta san da ita ake ba. Sai wata baƙuwa 'yar Bukhara, mai jin Tajikanci, ta maimaita mata tambayar. Yarinyar ta amsa da muryarta ƙarara, har da nuna ƙofa, sannan ta nuna Dildora. Mastura ta sunkuyar da kai.

"Me ta ce? Me ta ce?" mata suka tambaya.

Baƙuwar ba ta san dawan garin ba. "Wai uwarta ta tafi kasuwa da babanta, za su dawo su ɗauke ta. Wai waccan kuma mai dafa abinci ce."

Wasu suka tuntsire da dariya kafin su ankara. Wata ta ce ai yaro ne, wata ta ce shinkafar ta yi daɗi. Dildora ta miƙe ta shiga kicin, ta buɗe famfo, ta tsaya tana kallon ruwa yana zuba. Ba yarinyar ta ji haushi ba. Fuskar tsohuwar ce ta tsaya mata a rai, yadda ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya, alhali hannun yarinyar na cikin nata.

Da baƙi suka watse ta kafa doka: ba a ƙara Tajikanci a gidan nan.

"Malamar renon yara ma haka ta ce," ta faɗa wa Behzod, ko da yake ba malamar da ta tambaya. "In ana haɗa mata yare biyu ba za ta iya ko ɗaya ba."

"Ni na tashi da biyun, ga ni ban kurumce ba," in ji Mastura.

"Zamaninku daban ne, Oyijon."

"Inna, ki bi ta a hankali," in ji Behzod. "Ita ce uwar. Ta fi mu sanin abin da ya dace." Dildora ta ji daɗin kalmar har cikin ƙashinta.

Tsakiyar zafi ne, irin ranakun da kwalta ke narkewa. Yarinyar ta shigo kicin da gumi a goshi, ta tsaya nesa da Dildora, ta nuna tulu. "Ob," ta ce, wato ruwa da Tajikanci.

Dildora ta cika kofi, ta riƙe shi sama. "Ba haka ake cewa ba. Ce suv. Ce, Oyi, ba ni suv."

"Ob."

"Suv."

Yarinyar ta miƙa hannu, Dildora ta ƙara ɗaga kofin. Suka tsaya haka. Leɓɓan yarinyar sun bushe, idonta na kan kofin. Sai ta juya da gudu tana kiran Bibi. Mastura ta shigo tana dogara sanda.

"Kelin, ruwa ne fa. Ko kare ba a yi wa sharaɗi a kan ruwa."

"Kalma ɗaya ce, Oyijon. In kin bar ni da ita da tuni ta faɗa. Kullum na fara gini sai ki zo ki rushe."

Tsohuwa ta karɓi kofin daga hannunta, ta ba yarinyar. Yarinyar ta shanye tana kallon Dildora ta saman kofin. Wannan kallon ya kwana biyu yana bin Dildora.

Doka ba ta raba su ba, raɗa kawai ta koya musu. Dildora kan laɓe a bayan labule ta ji ƙus-ƙus ɗinsu, ta shigo kwatsam su yi tsit. Ta fara ƙirga sau nawa yarinyar ta taɓa tsohuwa a yini, sau nawa ta taɓa ita. Nata lissafin ba ya wahalar riƙewa.

Sai kuma Behzod. Yana da guntun Tajikancin da ya tsinta a bakin uwarsa tun yana yaro, yana yin sa a karkace, yarinyar tana gyara masa tana dariya. Da ya dawo aiki take rugawa ta karɓi hularsa. Wata yamma Dildora ta fito ta gan ta a kan wuyansa tana tsinko inabi tana cusa masa a baki.

"Har da kai?" ta ce masa bayan sun shiga ɗaki. "Kai da ko ofis ɗaya ba ka bi ni ba sai ranar sa hannu? Kowa a gidan nan yana da rabo a cikinta sai ni?"

"Wasa kawai muke yi, Dildora."

"Da yaren da na hana."

Ya shafa kai. Mutum ne mai son zaman lafiya fiye da komai, har fiye da gaskiya. Washegari da yarinyar ta rugo ya ce mata da Uzbekanci ta je wajen oyinta, ya rataye hularsa da kansa. Ta tsaya a tsakar gida da hannunta a miƙe.

Ɗankwalin ne ya biyo baya. Dildora ta taɓa ɗauka ta sunsuna: hayaƙi, man gashi, da warin jikin wata mace da ba ta taɓa gani ba. Matar ta mutu, an binne ta a wata ƙasa, amma ga ta kwance a gidan Dildora kullum, a kan fuskar 'yar Dildora. Wata safiya da tsohuwa ta kai yarinyar bakin titi sayen madara, Dildora ta jiƙa shi a ruwan zafi da sabulu mai ƙarfi, ta cuɗa, ta ɗauraye sau uku, ta goge, ta ninke shi tsaf a kan matashi.

Yarinyar ta dawo ta ɗauka ta kai hanci. Ta juya ɗaya gefen ta sunsuna. Ta warware shi, ta bi kowace kusurwa. Sannan ta ƙwalla wata irin ƙara da ta sa maƙwabta leƙowa ta katanga. Ta yi ta birgima a ƙasa har muryarta ta dushe.

"Wanki kawai na yi," Dildora ta yi ta faɗa wa kowa. "Wata biyu ba a wanke ba. Dubi ƙurajen da suka fito mata a kumatu. Yanzu tsabta ma laifi ce?"

Mastura ta sunkuya. Ta ɗauki yarinyar duk da ciwon gwiwarta, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta rera mata waƙa da ƙarfi da yaren da aka hana. Daga ranar yarinyar ba ta sake taɓa ɗankwalin ba. Gefen rigar Bibi ta koma riƙewa.

Da sanyi ya fara shigowa, Sabohat, ƙanwar Behzod da ke aure a Angren, ta haifi tagwaye. Dildora ta ga ƙofa ta buɗe.

"Sabohat na buƙatar uwarta," ta ce wa Behzod. "Kuma gidansu ya fi namu ɗumi, gwiwar Oyijon za ta huta. Wata uku kacal. Ka ba ni wata uku ni da 'yata, ba wanda ke tsaye a tsakani. Ban taɓa roƙonka komai ba. Lokacin da danginka ke cewa ka sake ni, ban buɗe baki ba."

Ta san inda ta taɓa. Ya ce zai yi magana da tsohuwa.

Ranar tafiya Dildora ta kai yarinyar makarantar renon yara da sassafe, ta dawo ta taya haɗa kaya. Mastura na zaune a bakin gado da mayafinta.

"Kelin, na yarda zan tafi. Abu ɗaya nake roƙo. Ki bari ta dawo in yi mata sallama, in gaya mata inda za ni da ranar da zan dawo."

"Kuka kawai za a yi, Oyijon. Haka zai fi mata sauƙi."

"Iyayenta sun fita da safe ba su dawo ba. In ni ma na ɓace da safe, me kike so ta ɗauka?"

"Yaro ai mantuwa gare shi."

Tsohuwa ta kalli ɗanta. Yana duba agogo. "Inna, hanya na da nisa, ga hadari," ya ce, ya ɗauki akwatin.

Da la'asar yarinyar ta shigo da gudu, ta wuce Dildora, ta tura ƙofar ɗakin Bibi. An naɗe katifa, ba sanda, ba carbi. Ta leƙa bayan ƙofa. Ta leƙa banɗaki, ta leƙa ƙarƙashin gadon katako, ta je bayan tanderu. Tana kira a hankali, sannan da ƙarfi. Daga ƙarshe ta zo gaban Dildora, karo na farko da ta zo da ƙafarta, ta ɗaga kai ta yi tambaya da Tajikanci.

Dildora ta durƙusa. Ga yarinyar a gabanta, ba kowa a tsakani. Da ta buɗe hannu a lokacin, wataƙila da labarin ya canza. Amma sunan da ke fita daga bakin yarinyar Bibi ne, Bibi, Bibi, kuma kowane ɗaya kamar ana soka mata allura.

Ta riƙe kafaɗunta, ta yi magana dalla-dalla da kalmomin da ta san yarinyar ta fara ganewa. "Bibi ta tafi. Saboda wancan yaren. Saboda kuka. In kin yi yaren, in kin yi kuka, Bibi ba za ta dawo ba. Kin ji?"

Yarinyar ta ji. Ta haɗiye kukan da ya taso mata, har wuyanta ya motsa.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi shiru irin wanda Dildora ta daɗe tana nema. Yarinyar na kwana a ɗaki mai ruwan hoda. Tana buɗe baki in an kawo cokali, ta riƙe abincin a kunci ba ta haɗiye ba. Da an dawo da ita daga makaranta sai ta tafi bakin ƙofar gida ta tsaya, ido a ramin makulli, har sai sanyi ya sa hannunta ya sandare an janyo ta. Ta fara fitsarin kwance. Dildora ta yi lallashi, ta yi faɗa, ranar da ta gaji ta sa ta tsaya fuska a bango da jiƙaƙƙen wandon a jikinta.

"Haka na yi wa nawa duka huɗun," in ji Zebo a waya. "Kar ki sassauta, kin kusa."

Malamar makaranta ta tare Dildora a ƙofa ta ce yarinyar ba ta magana da kowa, da kowane yare, kuma tana tsige gashin kanta. Da Dildora ta duba, ga wani fili a bayan kunne kamar faɗin kwabo. Rigunan da aka saya lokacin zafi sun yi mata yawa. Aka kai ta wajen likita, wata dattijuwa mai tabarau. Ta auna ta, ta duba ido da harshe, ta daɗe tana kallon yadda yarinyar ta zauna da hannu a kan gwiwa ba motsi.

"Ba ciwo a jikinta," ta ce. "Wa ta rasa?"

"Iyayenta. Bara."

"Bayan su fa?"

Dildora ta gyara jakarta. "Canjin ruwa ne, likita. Daga wata ƙasa muka ɗauko ta. Ki dai rubuta mana maganin cin abinci."

Mastura na kiran wayar ɗanta duk Juma'a. Kullum sai a ce mata yarinyar ta yi barci, ko tana wanka, ko jin muryar zai tayar mata da hankali ana cikin samun sauƙi. Behzod ne ke faɗar haka da bakinsa, Dildora na tsaye a gefensa. Da dusar ƙanƙara ta sauka, tsohuwa ta aiko da safa ja da ta saƙa da hannunta. Dildora ta juya safar a hannu, ta kira yarinyar.

"Ga shi, ni na saƙa miki. Me za ki ce?"

"Na gode."

"Na gode wa?"

"Na gode, Oyi."

Ga kalmar, ta samu. Ta sa ta maimaita a gaban Behzod, ta kira Zebo ta sa ta faɗa a waya. Kafin sanyi ya wuce yarinyar ta iya Uzbekanci tsaf. Tana amsa sunan Sevinch, tana gaida baƙi da hannu a ƙirji, ba ta ɓata kaya, ba ta ƙiriniya, ba a jin kukanta. Matan unguwa suka ce Dildora ta ciri tuta, wasu da suka haifa da cikinsu ma ba su iya tarbiyya haka ba. Dildora na karɓar yabon. Abin da ba ta faɗa wa ko Zebo ba shi ne, in ta rungume yarinyar kamar ta rungumi kujera take ji. Yarinyar kan tsaya ƙiƙam har sai an sake ta.

Wata uku suka zama kusan biyar. Sai da Navruz, bikin ƙarewar sanyi, ya zo Sabohat ta ce uwarta ta ƙi ci ta ƙi sha sai an mayar da ita gidanta. Behzod ya je ya ɗauko ta ranar da matan unguwa suka taru a tsakar gidan suna tuƙa kunun tsiron alkama na biki a ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Tsohuwa ta rame. Ko gaisawa da mata ba ta tsaya yi ba, idonta na neman abu ɗaya.

Yarinyar na zaune a bakin baranda. Mastura ta kira ta da sunanta na haihuwa, ta buɗe hannu, sandar ta faɗi.

Jikin yarinyar ya zabura. Ta miƙe, ƙafa ɗaya ta yi gaba. Sai ta waiga ta kalli Dildora. Ta mayar da ƙafar. Ta ɗora hannu a ƙirji.

"Sannu da zuwa," ta ce da Uzbekanci. "Sunana Sevinch. Ba na jin wannan yaren."

Mata suka ce kai, ji bakinta kamar a nan aka haife ta. Mastura ta sauke hannuwanta a hankali. Wata ta ɗauko mata sandar. Dildora ta jira daɗin da ta daɗe tana tanadi ya zo mata, tana tuƙa tukunya tana jira.

Can da rana ta karkata, ana ta hira da waƙa, wata ta tambaya ina yarinya. Ba ta baranda, ba ta ɗaki. Dildora ce ta same ta a lungun da ake tara itace, a tsugune, ta cusa hannun dama a hammata, gumi ya jiƙa mata goshi, ta ciji leɓe har ya fashe. Da ta janyo hannun sai da ta yi salati. Tafin ya tashi fari fat, ya kumbura. Yarinyar ta yi tuntuɓe ne ta dafa bakin tukunyar, ba wanda ya gani, don ba wanda ya ji.

"Tun yaushe? Me ya sa ba ki kira ni ba? Me ya sa ba ki kira kowa ba?"

"Yi haƙuri, Oyi," yarinyar ta ce, haƙoranta na haɗuwa. "Ban yi kuka ba. Wallahi ban yi ba. Kar a mayar da Bibi."

Mastura ta iso bayansu, ta ji. Matan da suka biyo ta ma sun ji.

Dildora ta sungume ta zuwa famfo, ta tara hannun a ruwan sanyi. Behzod ya ruga ya tayar da mota. Tsohuwa ta tsaya a gefe ba ta taɓa yarinyar ba, don ta ga yadda take satar kallon Dildora duk lokacin da ta matso.

"Kelin," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni kin raba ni da ita, na yafe, kwanana nawa ya rage. Amma yarinya ta ƙone a gidan da uwarta take, da ubanta, da kakarta, ta rasa wanda za ta gudu wajensa sai itace. Da mun bar ta a Khujand, da uwa ɗaya kawai ta rasa."

Mata sun koma bakin tukunya suna tuƙi ba waƙa. Su ne dai suka yaba da tarbiyyar. Sun ga yarinya ta daina kuka suka ce ta saba, ba wadda ta tambayi inda kukan ya tafi.

Ruwa na zuba a kan hannun. Yarinyar ta miƙe shi sosai kamar yadda aka ce, ta kafa ido a bango, idonta a bushe. Dildora ce hawaye ke zubo wa. Ta durƙusa a cikin ruwan da ya malale, ta juyo da fuskar yarinyar wajenta.

"Yi kuka, 'yata. Da zafi, na sani. Ba wanda za a kora. Yi kukanki."

Yarinyar ta daɗe tana duban fuskarta, tana neman inda tarkon yake. Ta kalli tsohuwa, ta dawo da ido kan Dildora.

"Da wane yare zan yi, Oyi?"